Ganuwa Mai Lissafi

A ƙasar Amurka akwai wani wasa wanda mutanen can suke so fiye da kowane wasa. Su dai suna kiransa ƙwallon ƙafa, amma wanda ya saba da tamaula irin wadda sauran duniya ke bugawa, in ya gan shi sai mamaki ya kama shi, gama da wuya ƙafa ta taɓa ƙwallon. Da hannu ake ɗaukarsa, da hannu ake jifa da shi. Shi kansa ƙwallon kuwa dogo ne mai tsini biyu, ya fi kama da gwanda. Nufina a nan in ba ka labarin wani mutum da ya yi wannan wasa a jami'a, sunansa John Urschel, in kuma faɗa maka abin da na tsinta cikin labarinsa. Amma ba za ka gane mutumin ba sai ka gane aikinsa, saboda haka bari mu fara da wasan.

Tsawon filin yadi 100 ne, ban da ɗan sarari a kowane ƙarshe inda ake ci. Kowane ɓangare yana da mutum 11. Waɗanda ƙwallo ke hannunsu akan ba su dama huɗu su tura shi gaba yadi 10. In sun iya, a sake ba su huɗu. In sun kasa, ƙwallo ya koma hannun abokan karawarsu. Wanda ya kai shi ƙarshen fili ya ci wa jama'arsa maki 6.

Cikin masu kai harin nan akwai jagora, wanda shi ke karɓar ƙwallo ya jefa wa wani, ko kuwa ya miƙa wa mai gudu. Bari mu kira shi madugu. A gaban madugu ƙatti biyar ne ke jeruwa kafaɗa da kafaɗa, su sunkuya. Na tsakiya shi ke miƙa wa madugu ƙwallo ta tsakanin ƙafafunsa. A damansa da hagunsa akwai dogarai biyu, sa'an nan a bakin kowane gefe akwai mutum guda. Su biyar ɗin nan na raɗa musu suna 'yan ganuwa, domin aikinsu ke nan. In madugu zai yi jifa, su tsaya su tare maƙiya kamar daƙiƙa uku, har ƙwallo ya bar hannunsa. In gudu za a yi, su ture na gabansu su buɗe ƙofa, mai gudu ya ratsa. Kowannensu yakan kai laba 300 ko fiye, watau wajen kilo 136, buhun hatsi guda da sulusi ke nan. Wanda ke gabansa ma haka yake. Sau 60 ko 70 sukan yi karo cikin wasa ɗaya, kai da kai, ƙirji da ƙirji.

To, ga inda abin ban tausayi yake. Doka ta ba ɗan ganuwa lamba daga 50 zuwa 79 a rigarsa, domin alƙalin wasa ya san shi, gama an hana shi cafe ƙwallon da aka jefo gaba. Dogari yana iya yin shekara huɗu yana wasa, ƙwallo bai taɓa shiga hannunsa ba. In an ci, mai gudu ake ɗagawa sama, madugu ake yi wa kirari. Jama'a ba su cika jin labarin ɗan ganuwa ba sai ranar da ya yi laifi, alƙali ya jefa ƙyallen nan rawaya, ya kira lambarsa kowa na ji. Tun 1935 ake ba da wata babbar kyauta mai suna Heisman ga gwanin 'yan wasan jami'o'i na shekara, amma cikin biyar ɗin nan babu wanda ya taɓa samunta. Wanda ya fi kusa shi ne John Hicks na Jami'ar Jihar Ohayo, da ya zo na biyu a 1973. Wata kyauta dabam ce ake ba ƙattin sahun gaba, ita ce Outland, wadda aka fara a 1946.

Ni dai tun da na fara kallon wasan nan a talabijin, idona bai cika bin ƙwallo ba, ƙattin nan nake kallo. Dalili kuwa shi ne suna tuna mini da wani kawuna, wanda ya yi shekaru da yawa yana dako a kasuwa. Yana saurayi yakan saɓa buhu ya hau da shi kan mota ba tare da an tallafa masa ba, yara muna tsaye muna alfahari. Fatake suka yi arziki, masu mota suka yi arziki, ba wanda ya taɓa tambayar wa ya ɗora kayan. Bai kai shekara hamsin ba bayansa ya ƙi. Daga ran nan kasuwa ta ci gaba da ci kamar ba a taɓa yinsa ba, shi kuwa ba shi da wata sana'a da zai koma gare ta. Tun sa'an nan wata tambaya ta zauna mini a rai: mutumin da jikinsa ne jarinsa, me zai rage masa ranar da jikin ya ce ya gaji? Wannan tambaya ita ta kai ni ga labarin Urschel.

Kafin mu je gare shi, ya kamata ka san cewa a Amurka wasan jami'o'i ba wasan yara ba ne. Tun 1869 aka fara shi, sa'ad da Rutgers da Princeton suka kara. Filin wasan Jami'ar Jihar Pensilbaniya, wadda ake kira Penn State, yana cin mutum fiye da 100,000, kuma yakan cika. Manyan masu koyar da wasa suna karɓar miliyoyin daloli a shekara. Amma a zamanin da Urschel ya yi nasa, ɗan wasa ba shi da albashi ko anini. Abin da ake ba shi shi ne karatu kyauta, da abinci, da wurin kwana, da littattafai. Masu iya magana sun ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Sai a 2021 aka yarda ɗalibi ya nemi kuɗi da sunansa ta hanyar talla, a 2025 kuma kotu ta amince jami'o'i su riƙa biyan 'yan wasansu kai tsaye.

Ashe ke nan a wancan zamani karatun nan shi ne dukan ladan ɗan wasa. Ga shi kuwa samun damar yinsa da wuya. Doka ta ce kada horo ya wuce awa 20 a mako, amma in aka haɗa da tafiye-tafiye, da jinyar rauni, da nazarin hotunan wasa, 'yan wasa da kansu sun shaida cewa yakan kai awa 40. Saboda haka da yawa sukan zaɓi fanni mafi sauƙi, don dai kada a kore su, zuciyarsu tana ga ranar da za a ɗauke su wasan ƙwararru inda kuɗi yake. Alhali kuwa cikin ɗari, waɗanda ake ɗauka ba su kai biyu ba. Wanda aka ɗauka ma, in aka yi lissafi bisa matsakaici, shekara uku da 'yan watanni yake yi a sallame shi.

An haifi John Urschel a 1991 a birnin Winifeg na ƙasar Kanada, ya girma a Bafalo cikin Jihar Niyok. Ubansa likita ne mai fiɗa, wanda shi ma ya yi wasan a jami'a yana saurayi. Uwarsa ma'aikaciyar jinya ce, daga baya ta zama lauya. Ita ta riƙa saya masa littattafan lissafi da na wasa ƙwaƙwalwa tun yana ƙarami. Yana da shekara 13 ya zauna ajin lissafi mai zurfi tare da ɗaliban jami'ar garinsu. Sa'ad da ya gama sakandare ba ya cikin samarin da manyan jami'o'i ke rububi saboda wasa, amma Penn State ta ba shi gurbi, ya shiga a 2009.

Shekararsa ta fari bai buga ko wasa ɗaya ba. Al'adarsu ce a can, gama doka ta ba ɗalibi shekara biyar ya yi wasan shekara huɗu a ciki, don haka akan ajiye sabon ɗan ganuwa shekara guda yana ci, yana ɗaga ƙarfe, yana shan bugu wajen horo, har jikinsa ya yi ƙwari. A shekara ta biyu da ta uku akan sa shi jefi-jefi. A 2011 wani mummunan abin kunya ya ɓulla a jami'ar, wanda ya shafi wani tsohon mataimakin mai koyar da wasa, babu hannun 'yan wasa a ciki. A 2012 hukumar wasannin jami'o'i ta yi wa makarantar horo mai tsanani, ta hana ta shiga wasannin ƙarshen shekara, ta kuma ba kowane ɗan wasa izini ya koma wata jami'a nan take. Waɗansu suka tattara nasu ya nasu suka tafi. Urschel ya zauna. A 2012 da 2013 shi ne dogarin dama, sanye da riga mai lamba 64, kuma a shekarun biyu duka an zaɓe shi cikin gwanayen rukunin jami'o'in da ake kira Big Ten.

Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa. To, ji abin da wannan ƙato yake yi a daidai wannan lokaci. Lissafi ya zaɓa, fannin da ɗalibai da yawa ke gudu. Ya gama digirinsa na farko cikin shekara uku, a 2012, da maki mafi girma da jami'ar ke bayarwa. A 2013 ya sami digiri na biyu. A shekarar nan kuma aka ba shi aji yana koyar da ɗalibai 'yan'uwansa lissafi, ya tashi daga gaban allo ya tafi fili ya sa kwalkwali. Har wa yau a 2013 wata mujallar masana ta buga bincikensa kan yadda duwatsun da ke yawo a sararin sama suke tafiya in rana tana jansu, ita ma babbar duniyar nan Jufita, wadda malaman taurari na dā ke kira Mushtari, tana jansu. A ƙarshen shekarar aka ba shi kyautar Campbell, wadda ake ba ɗan wasan da ya fi kowa haɗa karatu da wasa da kyawun hali.

Kada mai karatu ya zaci aikin ganuwa ƙarfi ne tsagwaronsa. Tsakanin karo da karo daƙiƙa 40 kaɗai ake bayarwa. Cikin ɗan lokacin nan madugu zai faɗi dabarar da za a bi, daga cikin dabaru masu yawan gaske da kowa ya haddace. In an jeru, dogari ya dubi yadda maƙiya suka tsaya, ya ƙidaya su, ya gane wa zai faɗo masa, wa ke yaudara, ya sanar da na kusa da shi da kalma ɗaya. In mutum guda cikin biyar ya yi kuskuren lissafi, ƙofa ta buɗe, sai a ga madugu a ƙasa. Ashe ko mafi ƙanƙantar ɗan ganuwa ba ƙaramin mai tunani ba ne. Mutane ne dai in sun ga ƙaton jiki sai su ɗauka kan babu kome. Wannan mugun zato na sha ganin ana yi wa lebura da manomi da ɗan dako. Abin da ya fi muni kuwa shi ne, yau da gobe, wanda ake yi wa zaton shi ma sai ya gaskata.

A 2014 ƙungiyoyin ƙwararru 32 suka zauna zaɓen sababbin 'yan wasa. Mutum 256 aka ɗauka, Urschel shi ne na 175, ƙungiyar Ravens ta birnin Baltimo ta ɗauke shi. A shekarar nan mafi ƙarancin albashin sabon ɗan wasa dala 420,000 ne. Duk da haka ya ce abin da yake kashewa a shekara bai kai dala 25,000 ba, motarsa kuwa wata 'yar ƙaramar Nissan ce da wani ya riga ya hau. A 2015 wani ɗan wasa mai suna Chris Borland ya bar wasa yana da shekara 24 don tsoron abin da karo ke yi wa ƙwaƙwalwa. Mutane suka dami Urschel da tambaya, shi da ke da irin wannan kai, me ya sa yake kasada da shi? Ya rubuta amsa a fili, ya ce ba don kuɗi yake yi ba, son wasan yake, kuma yana jin daɗin karon kansa. Wannan amsa ta burge ni, domin gaskiya ya faɗa. Wanda bai taɓa jin daɗin ƙarfin jikinsa ba, ba zai san wuyar rabuwa da shi ba.

Amma jiki magayi. A watan Agusta na 2015 aka yi karo da shi wajen horo, ya suma. Bayan mako uku ya koma fili. Sai dai ya ba da labari cewa lissafi mai zurfi bai dawo masa da sauri haka ba, ya daɗe kafin ya sake iya ganin siffofi a zuci kamar yadda ya saba. Haɗarin wasan nan ba sabon abu ba ne. Tun a 1905, shekarar da jaridu suka ƙidaya mutum 18 da suka mutu a cikinsa, Shugaba Theodore Roosevelt ya kira manyan jami'o'i ya ce su gyara. Aka gyara dokoki, daga baya aka kawo kwalkwali mai ƙarfi. To, kwalkwali yana tsare ƙoƙon kai kada ya fashe, amma ba ya hana ƙwaƙwalwa girgiza a ciki.

A 2016 Urschel ya shiga neman digiri na uku a MIT, babbar makarantar kimiyya da fasaha ta Jihar Masacusets, yana kuma ci gaba da wasa. Ranar 25 ga Yuli, 2017, likitocin Jami'ar Boston suka bayyana sakamakon wani bincike. Sun duba ƙwaƙwalwar mamata 202 waɗanda suka yi wasan nan. Cikin ƙwararru 111 sun sami wata cutar lalacewar ƙwaƙwalwa a 110. Cikin 53 da wasansu ya tsaya a jami'a sun same ta a 48. Cutar tana tafe da mantuwa, da saurin fushi, da ruɗewa, ana kuma danganta ta da yawan bugun kai, manya da ƙanana. Likitocin da kansu sun yi gargaɗi cewa yawancin iyalan da suka ba da ƙwaƙwalwar mamatansu, da ma sun ga alamar ciwo, don haka ba za a ce kowane ɗan wasa haka yake ba. Duk da haka 'yan sahun gaba su suka fi yawa cikin waɗanda aka duba.

Bayan kwana biyu, ranar 27 ga Yuli, ana shirin fara horon shekara, Urschel ya sanar da ƙungiyarsa ya bar wasa. Shekararsa 26, ya buga wa Ravens wasa 40 cikin shekara uku. Ba korarsa aka yi ba, ƙafarsa da hannunsa lafiya lau. Ya ce ba binciken kaɗai ya sa shi ba: yana so ya ba lissafi dukan lokacinsa, ga shi kuma suna jiran haihuwar fari. A 2021 ya sami digirinsa na uku. Fanninsa ya shafi lissafin ɗigo-ɗigo da layukan da ke haɗa su, kamar garuruwa da hanyoyin da ke tsakaninsu, da kuma yadda kwamfuta za ta warware manyan lissafai da sauri ba tare da kuskure ba. A 2023 MIT ta ɗauke shi malami a sashen lissafi.

Ba shi kaɗai ne ɗan ganuwa da ya bi irin wannan hanya ba. Gerald Ford ya yi ɗan tsakiya a Jami'ar Mishigan daga 1932 zuwa 1934. Ƙungiyoyin ƙwararru biyu suka neme shi, ya ƙi, ya tafi Yale inda ya karanta shari'a, a 1974 ya zama shugaban Amurka. A zaɓen nan na 2014 kuma, mutum na 200 wani ɗan Kanada ne mai suna Laurent Duvernay-Tardif, wanda ya gama karatun likita a 2018 yana cikin wasa. A 2020 ƙungiyarsa ta ci kofi mafi girma, amma da annobar korona ta zo sai ya ajiye wasan shekarar, ya tafi aiki a gidan jinyar tsofaffi.

Labudda wani zai ce, ai waɗannan 'yan gata ne, Urschel ɗan likita ne da lauya, kuma an halicce shi da kai na dabam. Gaskiya ne, ban musa ba. Dubban samari suna gama shekarunsu biyar kowace shekara, su fito da gwiwa mai ciwo da takardar da ba su san abin da ke cikinta ba, kuma laifin ba nasu kaɗai ba ne, akwai na waɗanda suka mori ƙarfinsu. Ba kowa zai zama malamin jami'a ba. Amma abin da na ɗauka daga labarin nan bai dogara ga gata ba. Urschel bai jira ranar da jiki zai ƙi sa'an nan ya nemi madogara ba. Tun yana ganiyar ƙarfinsa, a gajiye, da yatsu kumburarru, yake buɗe littafi. Tun ran gini ran zane. Saboda haka ranar da tsoro ya zo yana da ikon cewa ya bari, ya juya ya tafi. Abokansa da yawa sun ji labarin binciken nan kamar yadda ya ji, sun kuma ji tsoro kamar yadda ya ji, amma washegari suka sa kwalkwali suka fita, domin ba su da wata ƙofa.

Saboda haka, ɗan'uwa, in kai ma da ƙarfinka kake ci, kada ka rena aikinka don ba a yi maka kirari, gama babu madugun da ya taɓa yin jifa sai da wani ya tare masa. Kada kuma ka yarda da mai cewa kai naka jiki ne, tunani na waɗansu ne. Kan da ya iya auna kaya da ido, ya san lokacin shuka, ya riƙe lissafin bashi ba takarda, zai iya ɗaukar abin da ya fi haka. Ƙarfi aro aka ba ka, ba a kuwa faɗa maka ranar da za a karɓa ba. Abin da ka koya yau da dare, bayan ka dawo a gajiye, shi za ka tarar a hannunka ran nan.